Yadda matafiyi daga Kano zai auna katin bashi mai tara makin jirgi kafin ya karɓa

Duk wanda ke yawan tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, ko sari yake zuwa Guangzhou da Dubai, ko Umara yake yi duk shekara, ko majinyaci yake kaiwa asibiti a Alƙahira, akwai wani haƙƙinsa da yake bari a hannun kamfanonin jiragen sama. Shi ne makin tafiya, wanda kamfanonin ke lissafawa da mil. In ya taru ana musanya shi da tikiti, ko ƙarin kilo na kaya, ko a ɗaga mutum daga kujerar ikonomi zuwa bizines. Hanya biyu ake tara shi. Ta farko ita ce hawa jirgin kansa, kuma rajistarta kyauta ce. Ta biyu ita ce kashe kuɗi da katin banki da aka ƙulla da kamfanin jirgin, kuma ita tana zuwa da kuɗin shekara, da cajin canji, da kuɗin ruwa in an yi jinkirin biya.

Yawancin bayanan da ake gani a intanet kan waɗannan katuna don mazauna Amurka da Ingila aka yi su. Bakano da ya ɗauki shawararsu kai tsaye zai sha wahalar neman katin da ba za a ba shi ba, ko ya tara makin kamfanin da jirginsa ba ya sauka Kano. Abin da na tsaya a kai shi ne: jirgin da kake hawa ake fara dubawa, kati ya biyo baya. Wanda ya fara da kati kamar wanda ya sayi linzami ne bai san dokin da zai hau ba.

Mataki na farko: warware maganar riba tun kafin ka shiga banki

Katin banki iri uku ne, kuma bambancinsu ba ƙarami ba ne. Akwai katin cirar kuɗi, wanda muka saba kira katin ATM, da shi kuɗinka da ke asusunka kake kashewa. Akwai katin da banki ke biya maka, amma dole ƙarshen wata ka biya duka, babu ɗage bashi. Sai katin bashi na ainihi, wanda banki ke ba ka iyakar abin da za ka iya ci, ya ba ka wasu kwanaki na alfarma, in ka biya duka a cikinsu babu ƙari, in ka bar saura sai kuɗin ruwa ya fara hawa. Mafi yawan katunan da ke ba da makin jirgi mai yawa daga wannan rukuni na uku suke.

Majalisar Fiƙihu ta ƙasa da ƙasa da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC ta tattauna wannan a zamanta na 12 a Riyad a shekarar 2000. Matsayar da ta cimma ita ce bai halatta a fitar da katin bashi ko a yi mu'amala da shi ba matuƙar an gindaya sharaɗin kuɗin ruwa, ko da mai katin ya ƙudurce zai riƙa biya cikin kwanakin alfarma. Ta halatta katin da babu wannan sharaɗi, kuma ta yarda banki ya karɓi kuɗin hidima tsayayye. Ta kuma hana sayen zinare, azurfa da kuɗin ƙasashen waje da katin da ba kuɗin mutum ke bayansa ba. Hajiyoyin da ke sarin gwal a Dubai da Jidda su riƙe wannan da kyau. Akwai malaman da suka sassauta ga wanda yake da larura kuma yake da tabbacin biya kan lokaci. Ni dai shawarata, ka karɓi takardar sharuɗɗan katin, ka kai wa malamin da ka amince da iliminsa a babin ciniki, ya karanta da idonsa. Kada ka ba shi labari da baki, domin hukuncin yana rataye ne da abin da aka rubuta.

Bankunan Musulunci na ƙasashen Larabawa sun daɗe da samar da mafita. Wasu katunansu kan tsayayyen kuɗin hidima aka gina su, wasu kan murabaha (sayar da kaya da ribar da aka bayyana) ko tawarruƙ (sayen kaya bashi a sayar don samun kuɗi a hannu). Emirates Islamic da Dubai Islamic Bank suna da katunan da ke tara makin Skywards na jirgin Emirates, Abu Dhabi Islamic Bank yana da na Etihad Guest na jirgin Etihad, bankin Al Rajhi na Saudiyya yana da na AlFursan na jirgin Saudia. A gida muna da Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012 kuma Kano na cikin rassansa na farko, da TAJBank da Lotus. In kana hulɗa da ɗayansu, ka tambayi mai kula da asusunka irin katunan tafiya da suke da su a yanzu da abin da kowanne ke bayarwa.

Mataki na biyu: ɗauko fasfo ka duba inda ka je

Ka zauna da fasfonka da tsofaffin tikitocinka na shekara ɗaya ko biyu. Ka rubuta kowace tafiya: ina ka je, wane jirgi, nawa ka biya, wa ya yanka maka tikitin. A nan za ka ga gaskiyar tafiyarka, ba wadda kake zato ba.

Daga Kano, manyan ƙofofin fita sanannu ne. Ethiopian Airlines ta Adis Ababa, shirin makinsa ShebaMiles. EgyptAir ta Alƙahira, shirinsa EgyptAir Plus. Qatar Airways ta Doha, wanda ya fara zuwa Kano a Maris 2022, shirinsa Privilege Club, makinsa kuma Avios ake ce masa. Saudia zuwa ƙasa mai tsarki, shirinsa AlFursan. Wanda ke son Turkish Airlines mai shirin Miles&Smiles sai ya bi ta Abuja ko Legas. Emirates kuwa ya dakatar da zuwa Najeriya a ƙarshen 2022 lokacin da kuɗaɗen kamfanonin jiragen waje suka maƙale saboda ƙarancin dala, bai dawo ba sai 1 ga Oktoba 2024, kuma Legas ya dawo. Wannan tarihi darasi ne: mutum zai iya tara maki na shekaru a kamfani ɗaya, rana ɗaya a wayi gari jirgin ya daina zuwa ƙasar.

Abin da ke rage wannan haɗari shi ne ƙawancen kamfanoni. Ethiopian, EgyptAir, Turkish da Air China duk suna cikin Star Alliance. Qatar, British Airways da Royal Air Maroc suna cikin oneworld. Saudia da Kenya Airways suna cikin SkyTeam. Emirates ba ya cikin ko ɗaya daga ukun. Amfanin sanin wannan shi ne, in kana da lambar ShebaMiles, kana iya ba da ita ranar da ka hau EgyptAir ko Turkish, makin ya shiga wuri ɗaya. Haka ma wajen kashewa, makin kamfani ɗaya kan yanki tikitin abokin ƙawancensa. Ɗan Kantin Kwari da wani zuwan yake bin Adis Ababa, wani zuwan Alƙahira, gwargwadon wanda ya fi sauƙi, bai kamata ya raba makinsa gida biyu ba. Ya zaɓi ɗaya ya riƙa zubawa a nan. Maki 20,000 a nan, 15,000 a can, babu wanda zai kai shi ko'ina. A haɗe kuwa sun fara zama abin magana.

Avios yana da wata fa'ida ta daban. Ana iya tura shi tsakanin asusun Qatar da na British Airways ɗaya bisa ɗaya, matuƙar sunan mai asusun iri ɗaya ne. Wanda ke da 'ya'ya suna karatu a Ingila, yana kuma zuwa Asiya ta Doha, wannan ya dace da shi.

Mataki na uku: wane kati ne za a iya ba ka?

A nan ne mafarki ke raguwa. Katunan Amurka da ake ta yabo, irin na American Express da Chase, sai mai adireshi da tarihin bashi a can. Na Dubai sai mai izinin zama da katin shaidar zama na ƙasar (Emirates ID), yawanci da hujjar albashi ko ta kamfani mai rajista. Na Saudiyya sai mai iƙama. Bizar yawon buɗe ido ko ta Umara ba ta isa. In wani ya ce zai buɗe maka katin wata ƙasa da sunan wani ko da takardun aro, ka guje shi. Kuɗinka za su zauna ƙarƙashin sunan da ba naka ba, makin ma sunansa zai ɗauka.

Akwai dalilin da ya sa katunan gida ba sa ba da maki kamar na Amurka. Duk lokacin da aka goga kati, mai shago yana biyan wani kaso, bankin da ya fitar da katin ya ɗauki rabonsa, daga nan yake sayen makin da yake ba ka. A Amurka wannan kaso kan kai kusan kashi 2 cikin 100. Tarayyar Turai ta ƙayyade shi a 0.3 cikin 100 tun 2015, shi ya sa katunansu ba su kai na Amurka kyauta ba. A Najeriya ma Babban Banki ya ƙayyade cajin mai shago ƙasa da kashi 1 cikin 100. Saboda haka in ka ga katin naira yana ba da ɗan abu kaɗan, ba rowar ma'aikacin banki ba ce, tsarin ne haka.

Ga mazaunin Kano da ba shi da izinin zama a waje, zaɓin da ke gabansa uku ne. Katin bashi na naira, wanda aka fi bai wa masu albashi da ke shiga ta bankin. Katin dala, na cira ko na bashi, da ke jingine da asusun dala, kuma na bashin sau da yawa sai ka ajiye jingina. Sai manyan katuna irin Visa Platinum, Signature da Infinite, ko Mastercard World, waɗanda ke zuwa da alfarmar tafiya kamar shiga ɗakin hutu na filin jirgi. Kada ka ɗauka duk katin da aka zana wa jirgi yana tara mil. Da yawa makin banki suke bayarwa. Tambayar da za ka yi ita ce: shin wannan maki yana komawa asusuna na kamfanin jirgi? Wane kamfani? Maki nawa ke zama mil ɗaya? In amsar ita ce sai dai a shafin banki za ka kashe shi, to rangwame ne kawai, ka auna shi a matsayin rangwame.

Ka kuma tambayi iyakar kashewa a waje. A 2022 bankuna da dama sun rage abin da katin naira zai kashe a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya suka rufe gaba ɗaya. Sai tsakiyar 2025 wasu suka sake buɗewa, kowanne da iyakarsa. Katin da ba zai iya biyan tikitin dala 1,000 ba, makinsa ba zai taɓa taruwa ba.

Mataki na huɗu: lissafi

Wannan shi ne zuciyar maganar, kuma ɗan kasuwar Kano ba baƙo ba ne a nan. Tambaya biyu ce: nawa mil ɗaya yake, kuma nawa kake biya kafin ka same shi?

Don sanin darajar mil, ka shiga shafin kamfanin jirgin, ka nemi tafiyar da ka saba yi a rana ɗaya sau biyu, da kuɗi da kuma da maki. Ga misali da alƙaluman da na ƙaddara don a gane hanya, kai kuma ka sa naka na gaskiya. A ce tikitin zuwa da dawowa dala 900 ne. Da maki kuma an ce mil 60,000 da dala 250 na haraji da cajin mai, domin tikitin maki ba ya zuwa kyauta gaba ɗaya. Abin da makin ya ɗauke maka ke nan dala 650. In ka raba 650 da 60,000, kowane mil 1,000 ya tashi kusan dala 11.

Yanzu ka dubi katin. A ce kuɗin shekararsa dala 150, yana ba da mil 2 kan kowace dala da ka biya wa kamfanin jirgin, mil 1 kan sauran sayayya, yana kuma cajin kashi 3 cikin 100 in ka biya da kuɗin da ba dala ba. A shekara ka yanki tikitocin dala 4,000, ka samu mil 8,000. Ka kashe dala 3,000 a otal da abinci da mota a Sin da Masar, ka samu mil 3,000. Jimla 11,000, darajarsu kusan dala 120. Abin da ka biya kuwa 150 na shekara da 90 na canji, dala 240. Ka faɗi da dala 120 kana murnar tara maki. Wannan kati bai dace da wannan matafiyi ba, komai kyawun tallansa.

Ka juya misalin. Wata Hajiya tana da izinin zama a Dubai, katinta na dirhami ne, a Dubai take kashe kwatankwacin dala 25,000 a shekara ba tare da cajin canji ba. Ko da mil 1 kan dala ne, ta tara 25,000, wato kusan dala 270, kuɗin shekara 150. Ita ta ci riba, kuma in katin yana da kyautar shiga, wato makin da ake bai wa sabon mai kati, shekarar farko ribar ta fi haka. Kati iri ɗaya, sakamako daban, saboda yawan kashewa da irin kuɗin da ake kashewa.

Sai kuɗin ruwa. A ce ka bar dala 2,000 ba ka biya ba, ana ɗora kashi 3 cikin 100 a wata. Dala 60 ke nan duk wata. Cikin wata biyu makin shekara guda na matafiyin farko ya tafi. A Najeriya lamarin ya fi tsanani, tunda Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100 a Nuwamba 2024, bankuna kuma sama da haka suke ba da bashi. Ko an ajiye maganar addini gefe, babu katin da makinsa zai rufe kuɗin ruwa. Wanda kuɗinsa ke ɗaure a kaya, sai kwantena ta iso an sayar sannan ya samu na biya, katin bashi ba nasa ba ne. Ina faɗin wannan da nauyi a zuciya, domin jarin da aka tara shekara da shekaru bai cancanci a zubar da shi saboda tikiti ɗaya ba.

Wani abin da ke ruɗar 'yan kasuwa shi ne tunanin cewa duk kuɗin sarinsu zai bi ta kati. Mai sarin dubban daloli a Guangzhou yawanci ta hannun ejan ko ta tura kuɗi yake biya, wannan kuwa ba ya kawo mil. Alipay da WeChat Pay, manhajojin biyan kuɗi na Sin, suna karɓar Visa da Mastercard na waje, amma in ciniki ya haura yuwan 200 suna ɗora kashi 3 cikin 100, ban da abin da bankinka zai caja. Dilolin sari da dama kuma kan ƙara wani abu in ka ce da kati za ka biya. A lissafinmu na sama mil ɗaya kan dala bai wuce ribar kashi 1 da ɗan ɗoriya ba, to biyan kashi 3 don a samu 1 ba ciniki ba ne. Ka sa a lissafi abin da tabbas zai bi ta kati ba tare da ƙari ba: tikiti, otal, kuɗin asibiti, kuɗin makaranta, manyan kantuna.

Mataki na biyar: karanta ƙananan rubutu

In katuna biyu ko uku sun tsallake lissafi, abin da zai raba su yana cikin sharuɗɗa. Kyautar shiga ita ce ta fi ɗaukar ido: a ce za a ba ka mil dubu kaza in ka kashe adadi kaza cikin wata uku. Tana da amfani in dama kana da babbar hidima a gabanka, kamar tikitocin Umarar iyali. In kuwa sai ka ƙirƙiri sayayya don ka cike adadin, ka bar ta. Kuma sau ɗaya ake ba da ita, kuɗin shekara kuwa duk shekara ne, don haka ka yi lissafin shekara ta biyu daban.

Ka duba ko akwai rufin abin da za a iya tarawa a wata, da irin sayayyar da aka cire ko aka rage wa maki. Kuɗin hukuma, man mota da biyan kuɗin wuta sukan faɗa nan. Cirar tsabar kuɗi a ATM da katin bashi ita ce mafi muni: babu mil, akwai caji nan take, kuɗin ruwa kuma daga ranar yake farawa ba tare da kwanakin alfarma ba.

Ka duba ranar mutuwar maki. Na Emirates da na Turkish kusan shekara uku suke yi daga lokacin da aka same su, ko kana ta tafiya. Avios na Qatar kuwa ba ya mutuwa matuƙar asusun ya motsa cikin wata 36. Mai tarawa a hankali ya fi samun kwanciyar hankali da irin na biyu.

Akwai kuma bambancin da nake so ɗan kasuwa ya fahimta sosai, tsakanin makin kashewa da makin matsayi. Na kashewa shi ake sayen tikiti da shi. Na matsayi shi ke ɗaga mutum zuwa matakin azurfa ko na zinare a wurin kamfanin jirgin, kuma galibi da hawa jirgi ake samunsa, ba da goga kati ba, sai dai wasu manyan katunan ƙasashen Larabawa da ke haɗawa da matakin azurfa. Ga mai dawowa da kaya, matsayi ya fi tikitin kyauta daraja. Mai matakin zinare a Star Alliance yana samun ƙarin jaka ɗaya ko kilo 20 a mafi yawan tikitoci, da shiga ɗakin hutu, da layi na daban wajen awo. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban sikeli a Guangzhou ko Jidda yana cire kaya daga wannan jaka yana cusawa a waccan ya san abin da ƙarin jaka ɗaya take nufi. In kana tafiya sau biyar ko shida a shekara, ka lissafa kuɗin kilon da kake biya, mai yiwuwa ka ga tsayawa kan kamfani ɗaya har ka kai matsayi ya fi kowane kati amfani. Haka ɗakin hutu: mai jiran awa bakwai a Adis Ababa ko Doha, samun abinci da wurin wanka da wurin kishingiɗa ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ka tambaya sau nawa katin ke ba da shiga kyauta a shekara, kuma ko ya haɗa da abokin tafiya.

Mataki na shida: rajista da amfani

Ka fara buɗe asusun maki a shafin kamfanin jirgin da kanka, da lambar wayarka da imel ɗinka, ba na ejan ba. Ka rubuta sunanka harafi da harafi yadda yake a fasfo. Muhammad, Mohammed da Muhammed sunaye uku ne a wurin kwamfuta, haka Abubakar da Abubakr, haka wanda wani wuri ya sa sunan garinsu a ƙarshe wani wuri bai sa ba. Saɓanin harafi ɗaya kan hana maki shiga.

Ka bai wa ejan ɗinka lambar, ka ce ya riƙa sa ta a kowane tikiti, sannan ka duba katin shiga jirgi ka tabbatar ta fito. In ejan ne ke biya da asusunsa kai kana tura masa naira, za ka samu makin hawa jirgi amma ba na kati ba. Ka kuma tambaye shi harafin ajin tikitin, domin a cikin ikonomi ma akwai aji-aji, mafi arha kan ba da kaso kaɗan na mil, wani ma ba ya bayarwa. Jiragen jigilar alhazai na hukuma da tikitocin rukuni galibi ba sa kawo maki. Ka riƙa adana katin shiga jirgi har sai makin ya bayyana, domin kamfanoni suna karɓar ƙorafin makin da bai shiga ba cikin 'yan watanni.

Wajen neman katin bashi a gida, banki zai duba BVN ɗinka da tarihinka a wuraren adana bayanan bashi irin CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Ka sani kuma tun Agusta 2020 akwai tsarin GSI, wanda ke bai wa banki damar cire bashinsa daga asusunka na wasu bankuna in ka gaza biya. Ranar da aka ba ka katin, ka sa umarnin a riƙa cire cikakken abin da ake binka kai tsaye duk wata, ba mafi ƙarancin biya ba. Mafi ƙarancin biyan nan shi ne ƙofar kuɗin ruwa.

A waje, in na'urar POS ta tambaye ka ko za ka biya da kuɗin ƙasar ko da dala, ka zaɓi kuɗin ƙasar. Canjin da na'urar ke yi da kanta kusan kullum ya fi na bankinka tsada. Riyal na Saudiyya a ɗaure yake da dala a kan 3.75, dirhami a kan kusan 3.67, don haka a can da sauƙi ka gane in an ƙware ka.

Mataki na bakwai: kashe makin

Kujerun maki ƙididdigaggu ne a kowane jirgi, kuma lokacin da kowa ke son tafiya su ne ke fara ƙarewa: goman ƙarshe na Ramadan, hutun Disamba, da lokacin baje kolin Canton na Guangzhou a Afrilu da Oktoba. Mai son Umarar azumi da maki ya fara nema watanni da yawa kafin lokaci, ya kuma yarda ya matsa da kwana biyu ko uku. In babu kujera a kamfaninka, ka duba abokan ƙawancensa. Kullum ka sake lissafin mataki na huɗu kafin ka danna, domin wani lokaci haraji da cajin mai sukan cinye rabin kuɗin tikitin, sai ya zama gara ka biya da kuɗi ka ajiye makin don ɗaga kujera a doguwar tafiya, inda darajarsa ta fi fitowa.

Kada ka yi ta ajiya ba iyaka. Kamfanoni sukan ƙara yawan makin da ake buƙata, wani lokaci ba tare da doguwar sanarwa ba, don haka in ya isa tafiyar da kake buƙata ka kashe. Kana iya yanka wa mahaifiyarka ko maiɗakinka tikiti da makinka, kuma Emirates da Qatar suna da tsarin haɗa makin iyali wuri ɗaya. Sayar da maki ga dillali kuwa ya saɓa wa sharuɗɗan kamfanonin, in suka gano sukan rufe asusu su soke tikitin, wani lokaci mai tikitin yana filin jirgi da kayansa. Lambar sirrin asusun ma ka riƙe ta kamar ta banki, kada ka bai wa kowa, domin ana satar maki a yanki tikiti da shi.

Wata ɗaya kafin a sake cire kuɗin shekara, ka ɗauko bayanin asusunka na wata 12, ka tara mil ɗin da katin kaɗai ya kawo, ban da na hawa jirgi, ka auna da duk cajin da ka biya. In bai rufe ba, ka nemi a mayar da kai ƙaramin kati ko ka rufe shi. Kafin rufewa ka tura duk makin banki zuwa asusun kamfanin jirgin, domin wanda ya riga ya shiga can naka ne, wanda ya rage a banki kuwa yakan tafi tare da katin.